Hattara da masu tallan aikin ƙera motocin tafi-da-gidanka a Amurka

Jama'a, wani talla yana yawo a Facebook da WhatsApp: wai masana'antar ƙera motocin tafi-da-gidanka, irin masu gado da kicin da bayi a ciki, ta faɗaɗa a jihar Indiyana, tana neman kafintoci da masu walda, biza da masauki duk kyauta. Kuɗin rajista kawai za ka tura. Damfara ce.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne sun cakuɗa ƙaryar da gaskiya. Elkhart da suke ambato gari ne na gaske a jihar Indiana, kuma a yankinsa ake ƙera mafi yawan irin waɗannan motoci a Amurka. A 2021 an fitar da fiye da 600,000. Abin da ba sa faɗa maka: zuwa 2023 adadin ya faɗo kusan rabi, masana'antu suka sallami ma'aikata. Sana'a ce mai hawa da sauka, ko 'yan garin ma ba kullum suke da aiki ba.

Ga yadda suke yi. Za su yi maka "intabiyu" ta rubutu, ba murya ba fuska. Sai takardar ɗaukar aiki ta iso da tambarin wani sanannen kamfani, wanda bai ma san da zancen ba, amma duba adireshin imel ɗin, Gmail ne. Ka biya na rajista, sai na gwajin lafiya, sai na inshora, duk ta Western Union ko kuɗin kirifto. Ranar da ka ce aljihu ya bushe, ranar za a toshe lambarka, ga hoton fasfonka a hannunsu.

Bizar H-2B da suke ambato ta aikin wucin gadi ce, kuma doka ta ƙayyade biza 66,000 a shekara. Kamfani ne ke nema a hukumar USCIS, mai kula da shige da fice a Amurka, bayan amincewar Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar, kuma an haramta karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga ma'aikaci. Ka nemi su ba ka lambar takardar neman bizar da kamfanin ya shigar, haruffa 3 da lambobi 10, ka duba ta da kanka a shafin USCIS. Nan za ka ji an fara kame-kame.

Wanda ya riga ya tura, don Allah kada ya ƙara ko dala ɗaya da sunan "a saki takardu". Ya adana rasit da hirarrakin, ya kai ƙara.