Wane ruwan lagireto ya dace da jirgin da ka haɗa da injin Mazda?

A Amurka, masu haɗa ƙaramin jirgin sama a garejin gida sun daɗe suna ciro injin 13B daga motar Mazda RX-7, ko Renesis na RX-8, su ɗora wa jirgin haɗin gida samfurin RV ko Cozy. Inji ne marar fistin, ƙirar Felix Wankel, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Lagonsa ɗaya, zafi. Jikinsa yanka-yanka ne, alminiyam da baƙin ƙarfe a jere, siraran robobi ne ke tare ruwa a tsakaninsu. Ya yi zafi fiye da kima sau ɗaya, alminiyam ya lanƙwashe, roba ta saki, sai ka sauke inji. Shi ya sa abin da za ka zuba a lagireto ba abin saye da ka ba ne.

Ni dai zaɓina haɗin gargajiya, wato etilin gilaikol (sinadarin hana daskarewa) da tataccen ruwa rabi da rabi. Ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, kuma da murfin lagireto mai riƙe matsin fam 15 ba ya tafasa sai kusan digiri 129. Wannan tazarar tana da amfani a sama, domin kowace ƙafa 1,000 da ka hau, iska na ƙara sanyi da kamar digiri 2, matsinta kuma na raguwa. A tsayin mita 3,000 ruwa zalla a buɗaɗɗen mazubi yana tafasa tun a digiri 90. Sannan haɗin na ɗauke da maganin tsatsa, abin da inji mai ƙarafa iri biyu ba zai rayu babu shi ba. Gaskiya bai kai ruwa zalla kwasar zafi ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ke tashi a wuri mai zafi kamar Florida yana iya rage gilaikol zuwa kashi 30, ya ƙara ruwa. In za ka saya, nemi ruwan lagireto FL22 na Mazda ko wani sanannen suna, ka tsaya a kansa, kada ka gauraya kore da mai launin ruwan lemo don kawai shi ne a hannu.

Ruwa zalla da ɗan Water Wetter (sinadarin da ke taimaka wa ruwa kwasar zafi) na masu tseren mota ne, dare ɗaya na hunturu ya isa ya fasa maka inji. Sinadarin sanyaya inji na kamfanin Evans, wanda babu ruwa a cikinsa, kuwa, an ce ba ya tafasa sai wajen digiri 190, haka ne, amma yana da kauri, ba ya kwasar zafi sosai, injin da dama can zafi ne ciwonsa sai ya ƙara ɗumi. Ban ga ribarsa ba.

Kaurin nan ya kawo mu ga gudun ruwa. Mota tana hawa tana sauka, jirgi kuwa yana riƙe inji a juyi 5,500 zuwa 6,000 a minti tsawon awanni. Famfon da ke juyawa da sauri haka yana iya kaɗa kumfa maimakon tura ruwa, musamman in tiyon shiga ya yi siriri ko ya yi lanƙwasa da yawa. Wurin da ya fi ƙuna a injin shi ne gefen fulogi. Tururi ya taru a nan, ƙarfe na gasuwa alhali agogon zafi bai nuna komai ba. Ka sa tankin fitar da iska a wuri mafi tsayi, ka sa agogon matsi, shi ke fara faɗa maka akwai yoyo.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, jabu. Na taɓa sayen jarka biyu a intanet wajen wani mai araha. Kwali tsaf, launi kore shar. Bayan wata huɗu na buɗe murfi, na tarar da laka ja kamar kunun kanwa ta manne a wuyan tanki, na sa yatsa na lakato. Ruwa ne da rini kawai. Allah Ya sa a ƙasa na gani, amma sai da na wanke lagireto sau uku, na canza famfo. Launi ba shaida ba ne, duk wanda ya san kasuwar kayan mota a gida ya san haka. Duba hatimin bakin jarka, duba lambar rukuni ko an buga ta ko an manna, ka guji farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na shago. Ka kuma karanta da kyau ko gauraye ne ko tsantsa, domin wasu na sayar da gaurayayye a kuɗin tsantsa, kai kuma ka ƙara masa ruwa ka tsinka shi. Ƙaramin ma'aunin nan na leƙawa, rifiraktomita, ba shi da tsada. Ɗigo biyu a kan gilashinsa, ka ɗaga wajen haske, zai nuna maka inda ruwan zai daskare. Tun daga ranar, ko daga babban shago na sayo jarka, sai na ɗiga na leƙa kafin ta kusanci jirgina.