Fensir, Alƙalami Ko Fentin Ruwa: Kayan Zane a Maƙabartar Alƙahira

Ɗalibin Azhar mai hannun zane bai kamata ya bar Masar bai zauna gaban kubbar Sultan Ƙaitbai ba. Tana tsohuwar maƙabartar Alƙahira da ake kira Maƙabartar Arewa, an kammala ginin a 1474, kuma masallacin da ke haɗe da ita ne ke jikin takardar fam ɗaya ta ƙasar. Kubbar dutse ce sassaƙaƙƙiya: layukan taurari a sama, reshe da ganye na ratsawa ta ƙarƙashinsu. Wannan aikin shi zai faɗa maka abin da za ka saya.

Gawayin zane, ajiye shi a gida. Bakinsa ya yi kauri ga irin wannan sassaƙa, kuma kafin ka kai tasha gumin hannu ya dame shafin.

Fensir ya fi araha, masu taushin baki nau'in 2B da 4B sun wadatar. Yana yin kyau a kan kubbobin Sultan Faraj bin Barƙuƙ na 1411 da ke wannan maƙabarta, masu layi hawa da sauka, inda inuwa ce rabin aikin. Illarsa ita ce magogi. Mai koyo sai ya shafe awa yana gogewa, rana ta juya, inuwar da ya fara da ita ta koma wani gefe.

Ni dai alƙalamin tawada nake ba mutum shawara, irin Pigma Micron ko Staedtler, mai tawadar da ruwa ba ya wankewa. Sayi biyu: siriri mai lamba 01 don ganyen, da 05 don jikin gini da tagogi. Tunda ba gogewa, dole ka kalli dutsen da kyau kafin ka ja layi, kuma da haka hannu ke faɗawa. Sai dai bakin siririn ba ya jure takarda mai kaushi, nan da nan yake cinyewa.

Akwatin fentin ruwa na aljihu, kamar Cotman, yana da ban sha'awa, amma a zafin Alƙahira fentin kan bushe kafin ka baza shi. Ga kuma kuɗin takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, don mara nauyi lanƙwashewa take yi. Launukan wurin ma nawa ne? Ruwan ƙasa ne da shuɗin sama. Gara ka sayi littafi mai girman A5, mai bango mai tauri da takarda ruwan ƙasa, ka haɗa da farin fensir guda. Takardar ta zama dutsen, tawada ta ba ka inuwa, farin ya nuna inda rana ta bugi kubba.

Ƙara da 'yar kujera mai naɗewa, don ba a zama kan kabari. Unguwa ce kuma da mutane ke zaune a cikinta, da iyalansu da shagunansu, saboda haka yi sallama ka nemi izini kafin ka kafa kujera a ƙofar wani.