Babbar waya ko rediyo mai memori don Hajiya?

Malam, kan tambayarka ta abin da za ka saya wa Hajiya ya ɗebe mata kewa, babbar waya ko rediyo mai memori: ɗauki rediyo kawai, ka haɗa mata da 'yar ƙaramar waya mai madanni.

Innarmu tana Talatar Mafara, mu kuwa duk mun watse. Na saya mata rediyon nan mai tocila da ake cajawa, na kai memorin wurin masu turi suka zuba mata karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi. Da ta sallame asuba sai ta jawo shi gefen tabarma, ta zaro eriya ta kamo BBC Hausa. Har musu take yi da masu labarai, ka ji tana "a'a, ba haka aka yi ba". Abin da ban zata ba, tsofaffi biyu na maƙwabta suka mayar da ɗakinta majalisa bayan la'asar, kowacce da goronta a bakin zane. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, mun yi makonni ba mu ji muryarta ba, rediyon nan ne abokin hirarta.

Babbar wayar ita na fara saya, har yau ina jin zafin kuɗin. Ganin jikoki ta WhatsApp da daɗi, ban musa ba. Amma shafa gilashin ya gagare ta, ga data, ga caji kullum babu wuta. Cikin wata guda ta koma hannun wani jika.

Rediyo dai ba ya amsa gaisuwa, shi ya sa na ce ƙaramar waya. Saita mata lambarka a madanni na 2, ta danna ta riƙe, kira ya iso ka.

Sai ka yi hattara a kasuwa. Akwai memorin da aka rubuta wa 32GB, ana zuba abu kaɗan sai ya fara lalata karatun. A cika shi a gabanka, ka saurari na ƙarshe. Ka duba akwai SW, wato gajeren zango, a jikin rediyon, domin FM ba ya nisa, tashoshin waje kuma a gajeren zango ake kama su. 'Yar solar da ke bayansa yawanci ado ce, kada a ƙara maka ko kwabo saboda ita. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.