Sifaniya ko Meziko: ina za ki je karatun jinya ta fuskar adabi da zane?

Ƙanwata, kin ce kina aji huɗu a karatun likita, kin ga kwas biyu na lokacin hutu, ɗaya a Sifaniya ɗaya a Meziko, duk a kan nazarin cuta da jinya ta hanyar adabi da zanen masu jin Sifaniyanci, kuma kuɗin tafiya ɗaya kike da shi. A ganina, Sifaniya za ta nuna miki likita, Meziko kuma za ta sa ki saurari wanda ke kwance.

A Barsalona akwai zanen da Picasso ya yi a 1897 yana ɗan shekara 15. Mace ce a kwance, likita ya riƙe hannunta yana ƙirga bugun jini, idonsa na kan agogo. Can ɗaya gefen gadon wata mai hidimar coci ce ɗauke da yaro, tana miƙa mata abin sha. Duk wanda ya taɓa bin zagayen safe a asibiti ya san wannan kallon agogon. A Madrid kuwa, gidan tarihi na Prado na ajiye da zanuka masu duhu da Goya ya yi a bangon gidansa bayan cuta ta kurmantar da shi. A Madrid ɗin kuma za ki ji labarin Ramón y Cajal, wanda ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da hannunsa, ya kuma ci kyautar Nobel a 1906. In kin gangara kudu kin shiga Andalus. Azzahrawi mutumin yankin Kurɗuba ne, ya rubuta Attasrif kashi 30, har da hotunan kayan tiyata. Ibn Rushd ma, wanda malamanmu suka sani da Bidayatul Mujtahid, likita ne, yana da littafin magani mai suna Alkulliyat. Wannan kam Meziko ba ta da irinsa.

Amma a Meziko mara lafiyar ce ta ɗauki alkalamin zane. Frida Kahlo ta yi shan inna tana ƙarama, sai kuma hatsarin bas a 1925 ya karya mata ƙashin baya da na ƙugu tana da shekara 18. A 1932 ta zana kanta a gadon asibiti a birnin Detroit na Amurka bayan ta yi ɓari, cikin jini, babu likita ko mai jinya a kusa. A 1944 ta zana jikinta a tsage, ƙusoshi sun soke fatarta ko'ina. Gidanta na unguwar Coyoacán a birnin Meziko yana nan, da keken guragunta da madubin da aka kafa a saman gado don ta riƙa ganin kanta tana zane. Ɗalibin da ya saba rubuta "ciwon baya" a kati ya wuce, in ya tsaya a ɗakin nan, zai gane abin da kalmomi biyun suke ɓoyewa.

Abin da ya fi jan ra'ayina shi ne zanen bango da mijinta Diego Rivera ya yi a 1953 a asibitin La Raza da ke birnin Meziko. Ɓangare guda masu maganin Aztek ne, mutanen ƙasar na asali, da ungozomomi, ɗaya ɓangaren likitocin zamani, duk a bango ɗaya cikin asibitin gwamnati. Meziko tana kuma da kundin itatuwan magani na 1552 da wani mai magani ɗan ƙasa, Martín de la Cruz, ya tsara. Ke ma kin san majinyacinmu kafin ya iso gare ki ya bi ta wajen ungozoma ko wanzami ko mai ɗori, kuma in kin ɗaure fuska ba zai gaya miki abin da ya sha ba. Ƙasar da ta daɗe tana fama da wannan haɗuwa tana da abin koya miki. Shi ya sa ni Meziko zan zaɓar miki.

Sai dai Sifaniya ta fi kusa, jirgi ya fi sauƙi, samun masallaci da abincin halal ba wuya a Madrid ko Garnaɗa. Meziko tafiya ce mai nisa da sauya jirgi, babban birninta yana kan tudu mai tsayin mita 2,240 har numfashi kan yi nauyi kwanakin farko, kuma suna yawan girki da kitsen alade, dole ki riƙa tambaya.

Kafin ki biya ko sisi, rubuta wa masu kwas ɗin biyu ki tambaye su da wane harshe ake koyarwa, kuma ko ana shiga asibiti a zauna da majinyata ko iyakar abin aji ne da gidan tarihi. In ɗaya ne kawai yake kai ɗalibai bakin gado, shi za ki ɗauka, ko da kuwa na Sifaniya ne.