Xiphos ko BibleTime: wacce za ka kai Mac?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka ɗauki ɗaya daga cikin manhajojin nazarin Littafi Mai Tsarki da muke amfani da su a Linux ka sa ta yi aiki a kan Mac, amma ka rasa wadda za ka kama tsakanin Xiphos da BibleTime. Ni dai BibleTime zan ce maka.

Su biyun uwa ɗaya ta haife su. Kowacce a kan injin SWORD take zaune, wanda ƙungiyar CrossWire ke kula da shi, an rubuta shi da C++ a ƙarƙashin lasisin GPL, mai ba kowa damar gyara manhaja da raba ta. Shi ke buɗe fassarori da littattafan sharhi da ƙamus na Helenanci da Ibrananci, kuma ba ya gardama a Mac. Wahalar tana wajen rigar da kowacce ta sa, wato abin da ke zana mata tagogi da maɓallai.

Xiphos da GTK aka ɗinka ta. Sunanta na asali ma GnomeSword ne, sai a 2009 ta koma Xiphos, lokacin da ta fara shiga Windows. Ina ƙaunarta ƙwarai, da ita nake shirya darasin makarantar Lahadi, ina jera fassarori uku a gefe ɗaya, lambobin Strong, masu nuna asalin kowace kalma a Helenanci ko Ibrananci, a ɗaya gefen. Amma nassin da kake gani a fuskarta WebKitGTK ne ke nuna shi, kuma wannan kaya ne mai nauyin gaske. Haɗa shi kaɗai yana cin sa'o'i, kwamfuta tana huci, ga shi a Mac baƙo ne. Ko ka samu ya tashi, da sauran rina a kaba: sai ka ɗauki jerin umarnin manhajar (menu) ka mai da shi saman allo inda masu Mac suka saba ganinsa, ka kuma bi gajerun hanyoyin da ke kan Ctrl ka mai da su kan Cmd.

Ita BibleTime ta riga ta sha irin wannan ƙaura. A 1999 aka fara ta don KDE, ɗaya daga cikin tsare-tsaren fuskar allo na Linux, sai fitowa ta 2.0 a 2009 ta rabu da KDE ta tsaya a kan Qt zalla, wato tata rigar. Qt kuwa ɗan gida ne a Mac, har da macdeployqt da zai tattara maka komai cikin .app guda, kunshin da manhajar Mac ke zuwa a ciki. Ƙayar da za ta soke ka ita ce CLucene, tsohon kayan da take yin bincike da shi, sai ka lallaɓa shi kafin ya haɗu.

Ko wacce ka zaɓa, ka fara duba inda littattafan suke kwana. A Linux cikin .sword suke, a Mac kuwa an saba ajiye su a Library/Application Support/Sword. Ranar da na fara gwadawa manhaja ta buɗe tsaf, amma ko Farawa babu a ciki. Na kwana ina tonon lambobin manhajar (code), ashe mods.d, jakar da ke riƙe da bayanin littattafan, take nema a inda babu ita. Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. In kana da fassarar Hausa a ciki, buɗe 1 Korintiyawa 13 ka nemi “ƙauna”, sannan ka nemi “Ƙauna” da babban harafi, ka ga ko duka biyun sun fito. Ka kuma tuna GPL manhajar ta shafa, kowace fassara da mai haƙƙinta, kada ka cusa ta cikin kunshin ba izini.

In kuwa so kake mutanen ikilisiyarku masu Mac su samu abin karatu kawai, akwai Eloquent, wadda a da ake kira MacSword. Don Mac aka yi ta tun farko, kuma littattafan SWORD ɗin nan take karantawa. Sauke ta ka gwada tukuna, ka faɗa mana abin da ta rasa.