Disney da Warner Bros. a harkar wasan bidiyo: mai ba da haya da mai noma gonarsa

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa idan ka kunna Mortal Kombat ko Batman kake ganin tambarin Warner Bros., amma a wasannin Spider-Man da Star Wars ba Disney ce ke fitarwa ba, alhali kayanta ne. Gaskiyar magana dukansu biyu wutar wannan harka ta taɓa ƙona su. Abin da kowa ya yi bayan ƙunar ne ya bambanta.

Warner ce ta fara ɗanɗanawa. A 1976 Warner Communications ta sayi Atari kan dala miliyan 28, ta ci riba sosai, sai kasuwar wasanni ta Amurka ta rushe a 1983. Shekara ɗaya bayan nan ta sayar wa Jack Tramiel sashen na'urorin gida. Sai a 2004 aka kafa Warner Bros. Interactive Entertainment, kuma wannan karon da dabara aka shigo. Ta sayi Monolith a 2004, sai TT Games masu wasannin Lego a 2007. Da kamfanin Midway ya karye a 2009, ta kwashe yawancin kadarorinsa kan dala miliyan 33, har da Mortal Kombat, ma'aikatan Chicago ƙarƙashin Ed Boon suka koma NetherRealm. A ganina cinikin da ya fi kowanne kyau ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san darajar wannan suna. Rocksteady na Landan kuwa sai da suka nuna bajinta da wasan Batman mai suna Arkham Asylum sannan ta saye su a 2010.

Ita Disney ta buɗe sashenta tun 1988, amma a farko ba da lasisi ta fi yi: Capcom ta yi DuckTales a 1989, Virgin ta yi Aladdin na Sega a 1993. Sashen ya yi ta sauya suna, ya zama Buena Vista Games a 2003, ya koma Disney Interactive Studios a 2007. A wannan tsakanin ne ita ma ta shiga saye: Avalanche a 2005, Black Rock na Brighton a 2006, Junction Point na Warren Spector a 2007, ga Playdom na wasannin Facebook a 2010 kan sama da dala miliyan 560.

Inda suka rabu shi ne haƙuri. Black Rock sun fitar da Split/Second a 2010, wasan tseren mota mai kyau ƙwarai, a 2011 aka rufe su. Junction Point suka bi sahu a farkon 2013. Da Disney ta sayi Lucasfilm masu Star Wars a 2012, ba a yi shekara ba ta dakatar da sashen wasanninsu, LucasArts, daga ƙera wasa, ta miƙa wa kamfanin wasanni na Electronic Arts (EA) lasisin Star Wars.

Abin da ya saura mata shi ne Disney Infinity na 2013, wanda ake ɗora 'yar tsana a kan faifai ta bayyana cikin wasan. Nan fa akwai wahala, domin ban da rubuta manhaja, sai an ƙera tsana, an yi dako, an nemi wuri a kanti, wadda ba ta sayu ba kuma ta zama asara. Ga kuma kishiyoyi masu irin wannan tsana, Skylanders da amiibo da Lego Dimensions, duk a kasuwa ɗaya. A watan Mayun 2016 Disney ta soke shi, ta rubuta asarar dala miliyan 147, ta rufe Avalanche, ta daina fitar da wasannin na'urorin gida da kanta.

Ka ji abin mamaki: a Janairun 2017 Warner ta ɗauko Avalanche ɗin nan ta farfaɗo da su. Su ne suka yi Hogwarts Legacy, wasan da ya fi kowanne sayuwa a Amurka a 2023.

Kada ka yi saurin cewa Disney ta yi wauta. Mai ba da haya kasonsa kaɗan ne, amma fari ba ya cin jarinsa. Sony ce ta zuba kuɗin Spider-Man na 2018, Insomniac suka ƙera shi, Disney ta karɓi nata. Warner kuwa da Suicide Squad na Rocksteady ya faɗi a 2024, dala miliyan 200 ta shiga ruwa daga aljihunta. A Fabrairun 2025 ta rufe Monolith, kamfanin da ta fara saye bayan dawowarta harkar, ta soke wasan Wonder Woman da suke yi. Shekara guda kafin nan Disney ta sanar da zuba dala biliyan 1.5 a Epic Games masu Fortnite, kuma ko a nan ma hannun jari ta saya, aikin ƙera wasan ta bar wa Epic.