Aplikasiyon sarrafa kamara da waya: hadarin da ya wuce ni a bakin Gulbi

Tun damanar da ta wuce nike son rubuta wanga abu, don har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Aikina ɗaukar hoton biki da suna nan Maradi, kamarata ta hannu ce na saye, tana da Wi-Fi amma ba ta iya ɗaukar hoto da kanta lokaci bayan lokaci, wato abin da ake taim-laps da shi, hotuna da yawa a jere a haɗa su su zama bidiyo mai sauri. Wani abokin aiki ya ce in sauke wata aplikasiyo ta kuɗi mai sarrafa kamara daga waya, ka gaya mata sakan nawa tsakanin hoto da hoto ita ta yi ta latsawa. Ba ni da kat ɗin biya, sai na ba wani yaro kuɗi ya biya min da nashi.

Ranar farko wallahi na ji daɗinta. A tsakar gida na gwada, na saita kamara ga inuwar bedi da ke bisa katanga, hoto ɗaya duk sakan 5, hoto 250, wajen minti 21 kenan, da na haɗa su 25 a sakan guda sai ga bidiyon sakan 10 inuwa tana tafiya kamar mai rai. Yara sunka yi ta cewa a maimaita. Kana ganin abin da kamara ke gani cikin wayarka, kana canza ISO, wato yadda take karɓar haske, ba ka taɓa ta ba, kuma mai wannan aiki ya san taɓawa ɗaya ta isa ta karkatar da komi.

To abin da nike nema tun asali hadari ne. Ba inuwar bedi ba. Shekaru ina kallon yadda yake haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, ja-ja daga ƙasa in ya kwaso ƙura, ina cewa wata rana sai na kama shi tun tasowarshi har ya rufe gari. Cikin watan Agusta bayan la'asar na ga ya fara haɗuwa, na kira ƙanena munka hau kabu-kabu biyu sai bakin Gulbi, don daga can ƙasa in ka juya gabas garin yana bisa tudu inda anka maida shi bayan ambaliyar 1945, hadarin kuma yana bayanshi. Wuri ne da na daɗe da zaɓa.

Na yi lissafina tun gida: bidiyon sakan 30 hoto 750 yake ci, gajimaren hadari yana da sauri don haka duk sakan 3, minti 37 da rabi. Na kafa ƙafar kamara na rataya mata buhu da yashi saboda iska, haske da fokis duk na maida su na hannu kada hoto ya riƙa ƙyaftawa, na lulluɓe kamara da leda. Na latsa, na ji tana ƙas, ƙas, ƙas yadda ya kamata. Na kashe allon waya na sa ta aljihu munka matsa gindin wani icce taku kaɗan, iska ta taso ba ka jin komi sai ita.

Hadarin nan ban taɓa ganin irinshi ba, Allah shaida. Ya yi hawa-hawa, rana ta haska gefenshi, walƙiya a ciki. Ƙanena yana ta cewa "Yaya, yau ka samu abin da kake so." Da yayyafi ya fara na ruga na duba kamara. Hoto 61. Minti uku ta yi aiki ta tsaya. Na ciro waya, aplikasiyo ta rubuta wai haɗi ya yanke, ba ƙara ba girgiza, rabin awa ina tsaye kusa da ita ban sani ba. Na so in sake haɗawa, ruwa ya sauko, munka kwashe kaya da gudu. Hoto 61 ko sakan uku na bidiyo bai kai ba, kuma duk na farko ne tun hadarin bai yi kyau ba.

Kwana biyu ina zargin kamara, na ce ko Wi-Fi ɗinta ya mutu tunda ta hannu ce. Wani matashi mai gyaran waya ne ya warware min. Ya karɓa ya duba ya ce, "Malam, kamararka lahiya lau take, wayarka ce ke guduwa." Wi-Fi na kamara ba shi da intanet a ciki, to waya in ta ga haka tana iya sakinshi ta koma wa rezo mai intanet, ga shi kuma da ka kashe allo tsarin tattalin batir yana kwantar da aplikasiyon da ke aiki a baya. A gida abin bai faru ba saboda wayar tana hannuna allo a kunne ina kallo, kuma ranar ba ni da forfen intanet. Ya ce in sa waya yanayin jirgin sama sannan in kunna Wi-Fi shi kaɗai, ya shiga saiti ya cire wa aplikasiyon takunkumin batir, ya hana allo mutuwa, ya ce ita ma kamara in kashe mata kashe-kanta. Ko dala bai karɓa ba, Allah ya saka mishi.

Na koma na gwada awa biyu cur, duk sakan 10, hoto 720, ko ɗaya bai ɓace ba. A nan na ɗan huce, na ce ashe laifin ba na aplikasiyon ba ne duka, kuma in an bi waɗannan matakai tana aiki, wannan gaskiya ce ba zan ɓoye ba.

Amma da na zauna na yi tunani sai haushin ya dawo. Wanda ya ƙera ta ya san waya tana haka, ai sana'arshi ce. Layi ɗaya ya isa ya rubuta kafin mutum ya latsa: kada ka kashe allo. Ko in haɗi ya yanke ta yi ƙara, da na ruga na gyara cikin minti ɗaya na samu sauran hadarin. Kuɗi na biya fa. Na rubuta musu saƙo, amsar na'ura kawai ta dawo min, shiru har yau.

Kuma gyaran ma da nashi wahala. Waya tana yanayin jirgin sama awa biyu, mai biki ya neme ka bai same ka ba, ni kuwa da kira nike ci. Allo a kunne cikin ranar Maradi, wayar ta yi zafi har ta rage haske da kanta, a watan Afrilu ban ma ga yadda za a yi ba. Batirin kamara shi ma Wi-Fi yana shanye shi da sauri. Sannan in tazarar gajera ce kamar sakan 2 ko 3 na lura ba ta cika daidai, musamman in tana turo ƙaramin hoto waya bayan kowace ɗauka, sai ka ga gajimare yana tsalle cikin bidiyo. Da na kashe turowar ya ragu, da na haɗa da igiyar OTG, mai haɗa waya da kamara kai tsaye, ya fi, amma sai waya ta zauna maƙale jikin kamara.

Daga ƙarshe na ba wani mai zuwa Kano saƙo ya sayo min ɗan telekomand mai igiya, irin mai ƙaramin allo da batir AAA biyu, ka soka shi gefen kamara ka sa mishi tazara da adadi shikenan, babu rezo babu waya. Wanda zai saya ya duba bakin igiyar da kyau don ba kowace kamara ke da rami iri ɗaya ba. Aplikasiyon har yanzu tana cikin wayata, ina amfani da ita wajen hoton dangi in an ce ni ma in shiga, nan kam tana da kyau. Don taim-laps tauraro biyu na ba ta cikin biyar. Hotunan nan 61 ban goge su ba, suna nan cikin memori, telekomand ɗin kuma yana cikin jakar kamara da sabon batir ina jiran ruwan farko.